Jiragen da Suka Tashi Neman Osama

Ummul-Khairi tana taje wa Hajiya kai a bakin taga lokacin da Osama ya zo sallama. Da takalminsa mai kauri ya tako har kan kafet, ya durƙusa gaban keken mahaifiyarsa, ya sumbaci hannunta na dama, wanda shi kaɗai yake motsi tun da ɓarin jikinta ya shanye.

"Wannan karon kuma ina aka nufa?" in ji Hajiya.

"Cikin Masar ne, Mama. Rairayi kawai zan je in gani in dawo."

"Rairayin da ke bayan gari bai ishe ka ba?"

Ya yi dariya, ya gyara mata bargo a ƙafa. Da zai fita ya waiwayo ya ce wa Ummul-Khairi ta kula masa da ita, ta ce in sha Allahu, kamar yadda take cewa duk lokacin da zai yi irin wannan tafiya.

Osama ya haura arba'in, ba mata ba ɗa. Kamfanin marmara da mahaifinsu ya bari yayarsa Israa ce take juya shi, shi nasa tafiye-tafiye. Ya hau duwatsun ƙanƙara a ƙasashen da Ummul-Khairi ba ta iya faɗin sunansu, ya taɓa yin kwanaki a teku cikin ƙaramin jirgin ruwa shi kaɗai, kuma duk inda ya je sai ya ɗauki bidiyo ya sa a intanet mutane su yi ta yabo. Ba shi da wulaƙanci. Yakan gaishe ta, da salla yakan yi mata alheri, amma ba ta jin ya san daga wace ƙasa ta fito.

Ita 'yar Damagaram ce, shekararta ta biyar ke nan a Alƙahira, duk a gidan nan na unguwar Muhandisin. Ita ke yi wa Hajiya wanka, ita ke ba ta abinci da magani, ita ke juya ta a gado. Ɗakinta yana bayan kicin, tagarsa na kallon bangon wani benen. Hajiya ta ce sunanta ya yi tsawo, sai take kiranta Khairiyya. Larabcin Masar ya zauna a bakinta har takan yi mako ba ta yi Hausa da kowa ba sai Baba Bakri, mai gadin ƙofar benen, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro daga Omdurman.

Shi ne ya gaya mata inda Osama ya nufa, da ta sauko zubar da shara da hantsi.

"Ni na taya shi loda mota," in ji shi. "Jarkokin mai, jarkokin ruwa, tayoyi. Can kusurwar da Masar ta haɗu da Libiya da Sudan zai tafi. Kuma shi kaɗai, 'yata. Ya ce ba ya son ɗan jagora, ba ya son rakiya. Wai izini ma bai tsaya nema ba, don za a hana shi."

Ummul-Khairi ta ajiye bokitin sharar. Ta san wajen, ko da yake ba ta taɓa ganinsa ba.

Mijinta Khalilu makanikin babur ne a Damagaram. Da sana'ar ta ja baya, suka yi shawara: ita ta bi wata 'yar uwarta zuwa aikatau a Masar, shi ya bi samari haƙar zinariya a arewacin Sudan, in ya samu abin da ya samu ya same ta a Alƙahira. Ya yi kusan shekara a ramuka bai samu abin kirki ba. Wata rana ya kira ta, iska na kaɗa wayar, ya ce sun samu mota za su tsallaka Libiya ta cikin Sahara, an ce akwai aikin gini a Kufra. Ya ce ta yi haƙuri, in sun isa zai kira. Bai kira ba. Ta bi duk lambar da ta samu, ta tambayi duk wanda aka ce ya fito daga can. Ta je wani ofishin agaji, wata mata ta saurare ta da kyau, ta ba ta ruwa, sannan ta ce mata gaskiya ba su da yadda za su yi, wajen ba wanda yake shiga. 'Yar uwar da ta kawo ta ta koma gida ta yi aure. Ita ta zauna, don nan ne Khalilu ya san zai same ta.

Baba Bakri ya san labarin. Da ya ga fuskarta sai ya ɗauki bokitin ya zubar mata da kansa.

Kwanakin farko Osama yana aiko wa Israa saƙo da wata na'ura da ke nuna inda yake. Sai saƙon ya yanke. Israa ta zo gidan da waya biyu a hannu, ta shige ɗakin mahaifinsu ta rufe ƙofa, tana kiran manyan mutanen da take ce wa Basha, wato ranka ya daɗe, da murya mai laushi, in ta kashe wayar kuma ta zagi ƙaninta. Kafin la'asar aka ce jirage sun tashi, motoci kuma sun kama hanya daga garin ƙarshe da ke da kwalta.

Ta tare Ummul-Khairi a kicin. "Mama ba za ta ji wannan maganar ba. Ki cire wayar talabijin, ki ce ta lalace. In ta tambaye shi ki ce yana inda babu sabis."

"To, Madam."

Ranar Juma'a ce ranar hutunta, Israa ta ce ta tafi, ita za ta zauna. A ƙaramar bas ɗin da ta shiga zuwa unguwar Darrasa maganar Osama ake yi, don labari ya riga ya fita har da hoton Osama yana murmushi a kan wani dutse. Wani mutum mai jakar ma'aikata ya ce shi tun albashi bai iso hannunsa ba ake cire masa haraji, kuɗin wuta ya ƙaru, yanzu kuma da guminsa za a zuba wa jirgi mai a je ɗauko ɗan masu kuɗi da ya tafi wasa. Wata tsohuwa da ke riƙe da ledar burodi ta ce ya ji tsoron Allah, yaron ɗan wata ne. Direba ya leƙo ta madubi ya ce a ɗauko shi, amma a sauke shi a ƙofar banki. Aka yi dariya. Ummul-Khairi ta kafa ido a kan kogin Nilu har suka sauka daga gada.

A Darrasa akwai gidan Nana Aisha, 'yar Maraɗi, wadda ke tuƙa tuwo da miyar kuka duk Juma'a, ɗalibai Hausawa da ke karatu a garin su taru bayan masallaci. Nan Ummul-Khairi take zuwa ta ji Hausa ta cika mata kunne. Takan zauna a bakin ƙofar kicin, ta ci nata, ta taya wanke kwanoni. Ranar nan ɗaliban ma musun suke yi a falo. Wani saurayi ɗan Kano ya ce wanda ya jefa kansa cikin halaka da gangan ba shi da haƙƙi a baitulmali, dukiyar jama'a ta marasa lafiya ce da marayu. Malam Alhusaini, mutumin Tawa da ya daɗe yana karatun fiƙihu, ya ce ceton rai farali ne a kan al'umma, ba a tsayawa binciken wautar mutum yana bakin mutuwa. In ya rayu sai a ɗora masa abin da aka kashe, tunda yana da hali.

"Ai ga wadda ke aiki a gidansu nan," in ji Nana Aisha. "Ummul-Khairi, me ake cewa a gidan?"

Duk suka juyo. Ta ji kunya ta kama ta.

"Ni dai uwarsa nake yi wa wanka," in ji ta. "Ba ta ma sani ba."

Suka koma musunsu. Ta so ta ƙara wata magana, amma ba ta san yadda za ta fara ba, kuma an riga an wuce wajen. Ta wanke kwanonin, ta yi sallama tun rana ba ta faɗi ba.

Hajiya jikinta ne ya shanye, hankalinta yana nan. Washegari da safe, bayan ta sha shayi, ta riƙe hannun rigar Ummul-Khairi.

"Khairiyya, Israa ba ta zuwa gidan nan kullum sai da dalili. Talabijin kuma ba ta lalacewa ranar da waya ta yi ta ƙara. Ina ɗana?"

 Ummul-Khairi ta tuna watannin da ta yi ana ce mata ƙila yana inda babu sabis.

"Ana nemansa, Hajiya. Saƙonsa ya yanke a Sahara. Jirage sun tafi."

Hajiya ta rufe ido, leɓenta na motsi. Da ta buɗe sai ta ce a mayar da wayar talabijin.

Wani shiri suka tarar, mutum biyu suna ta ɗaga murya. Ɗaya yana lissafa asibitocin ƙauye da ba su da motar ɗaukar marasa lafiya, yana tambaya ko ran mai kuɗi ya fi na manomi. Ɗaya yana cewa ƙasar da ta bar ɗanta ya mutu da ƙishirwa don tana fushi da shi ba ƙasa ba ce. A ƙasan allo saƙonnin masu kallo ne ke wucewa, Hajiya tana karantawa a hankali. Wasu addu'a, wasu kuma cewa suke a bar shi, shi ya kai kansa.

"Da ɗan wata ne," in ji Hajiya, "da ni ma abin da zan faɗa ke nan ina shan shayi. Kashe."

Ummul-Khairi ta kashe. Ta zo gyara mata matashi, sai Hajiya ta dubi fuskarta.

"Ni ce uwarsa, ke kuma kin fi ni shiga damuwa. Me ya faru?"

Ba ta yi niyya ba, amma sai ta faɗa. Ta faɗi sunan Khalilu, da ramukan zinariya, da motar Kufra, da kiran ƙarshe. Da Larabci ta faɗa, kuma labarin ya fito gajere, gajarta da ta ba ta mamaki.

"Duk shekarun nan kina ɗaga ni kina kwantarwa, ban san kina da miji ba."

"Ba a taɓa zancen ba, Hajiya."

"Wa ya je nemansa?"

"Ba kowa."

 Hajiya ta ce a kawo mata carbinta, ta ce Ummul-Khairi ta jawo kujera ta zauna, kada ta tsaya. Haka suka yi kwanakin da suka biyo baya, su biyu a falo, Israa na shiga tana fita. Israa ta yi faɗa da ta gane an gaya wa mahaifiyarta, Hajiya ta ce mata ta rufe baki.

Ummul-Khairi tana yi wa Osama addu'a a kowace salla, kuma da gaske take yi. Amma akwai abin da ta tarar a zuciyarta wanda ya tsorata ta. Duk lokacin da waya ta yi ƙara aka ce ba labari, sai ta ji wani ɓangare nata ya ɗan kwanta, kamar yana so jiragen su dawo haka nan, don a samu wani a gidan nan da ya san abin da ta sani. Takan shiga banɗaki ta wanke fuska ta yi istigfari. Wata rana ta gaya wa Baba Bakri, ba ta dube shi ba.

Ya ce, "Mu da muka tsallako a bayan mota, wata yarinya ta rasu a hanya, muka tona da hannu muka rufe. Na yi ta duban sama ko wani zai zo. Ba don ba a zo mana ba zan ce kada a je wa wani. Amma zuciya, 'yata, ba ta jin wannan maganar da wuri. Ma'alish, sai haƙuri."

Ana gab da cika mako aka same shi. Israa ce ta fito daga ɗakin da gudu babu takalmi, ta faɗa jikin mahaifiyarta. Yana raye, ƙishirwa ta galabaita shi, ƙafafunsa sun ƙone, amma yana magana. Hajiya ta yi ta hamdala har muryarta ta dishe. Ummul-Khairi ta yi hamdala ita ma, ta shiga kicin ta ɗora ruwa, don ta san baƙi za su fara zuwa.

Bayan an sallamo shi daga asibiti, gidan mahaifiyarsa aka kawo shi. Ya rame, fatar fuskarsa na saɓulewa, ƙafafunsa a naɗe. 'Yan uwa da abokai suka cika falo, kowa na so ya ji daga bakinsa. Ummul-Khairi tana zagayawa da tiren shayi lokacin da ya zo tsakiyar labarin.

Motarsa ta faɗa wani kwari, in ji shi, ta kife, na'urar ta fashe. Ya zauna wajen motar har ya ga ruwa na ƙarewa, sai ya yi kuskuren da ya san ba a yi, ya kama tafiya da ƙafa. Rana ta kusa kashe shi sai ya hango wani abu baƙi. Tsohuwar a-kori-kura ce, rairayi ya binne rabinta, ta yi shekaru a wajen. Ya rarrafa ƙarƙashinta ya kwanta a inuwa.

"Da na farfaɗo na ga ba ni kaɗai ba ne," in ji shi. "Akwai mutane a ƙarƙashin. Ƙasusuwa, da tufafi. Su ma inuwar suka shiga. 'Yan ci-rani ne, ina jin. Matuƙin jirgin ya ce ni bai gan ni ba, motar ya gani, ya sauko ya duba."

Wata mata ta ce subhanallahi, Allah ya ajiye masa motar nan. Wani ya tambaya ko zai rubuta littafi. Ummul-Khairi ta ajiye tiren a kan tebur a hankali, kofi ɗaya bai motsa ba, ta koma kicin ta tsaya gaban famfo. Da ta waiwayo ta ƙofar, ta ga Hajiya ita take kallo, ba ɗanta ba.

Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa, bayan 'yan kwanaki, Hajiya ta sa aka tura kekenta baranda inda Osama ke shan iskar safe. Israa ma tana nan, suna cikin gardama. An aiko cewa zai biya tara saboda shiga ba izini, kuma ana maganar ya mayar da abin da aka kashe wajen nemansa.

"Harajin da kamfaninmu ke biya ya fi na duk masu surutun nan," in ji Osama.

"Haraji ba kuɗin hayar jirgi ba ne," in ji Israa. "Kuma ba kai kake biya ba, ni nake biya. Za ka mayar, ka yi shiru, a manta da mu."

"Ku bar wannan," in ji Hajiya. "Khairiyya tana da tambaya. Ka amsa mata da kyau."

Osama ya dube ta da mamaki. Ta tsaya a bakin ƙofar baranda, hannayenta cikin mayafi.

"Basha, motar nan. Wace iri ce? Mutanen su nawa ne?"

Hajiya ce ta yi masa bayani a taƙaice. Fuskarsa ta canza. Ya sauke ƙafarsa daga kan kujera, ya ce ta zauna, ta ce a'a tsayuwar ta ishe ta.

Ya ce bai ƙirga ba, bai iya ba. Motar fara ce a da, babu lamba. Akwai jarkoki da aka naɗe da buhu, da butar roba, da takalma. Sannan ya ce ya ɗauki hotuna kafin kyamararsa ta mutu, ya yi tunanin in aka tsinci gawarsa a san ba shi kaɗai ba ne a wajen. Bai nuna wa kowa ba. In tana so za ta gani, in ba ta so shi ke nan.

Ta ce tana so.

Israa ta ɗauko kyamarar. Ummul-Khairi ta riƙe ta da hannu biyu, Osama yana danna mata. Ta ga tayar da ta tsage. Ta ga jarka. Ta ga silifas ƙafa ɗaya, da bargo mai zanen damisa irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwa daga Agadas har Omdurman. Ta ga rawani da rana ta cinye launinsa. Ta ga abin da ya rage na hannun mutum, da agogon roba. Khalilu yana da agogon roba, amma duk samarin da suka tafi haƙar zinariya suna da shi. Ta sa ya ƙara girman hoton har ya dushe. Ta sa ya koma farko, suka sake bi.

"Kin ga wani abu?" in ji Osama.

"A'a, Basha. Ban ga abin da zan ce nasa ne ba. Ban kuma ga abin da zan ce ba nasa ba ne."

Ya ce zai koma da kansa, zai ɗauki mutane da kuɗinsa, a kwaso ƙasusuwan, a yi gwajin da ake yi don gane mamaci. Israa ta ce an hana shi kusantar wajen, kuma ba a barin kowa. Ya ce to zai yi magana da waɗanda suka ɗauko shi, ai sun san daidai inda motar take. Ya tambaye ta sunan mijin, ya maimaita sau biyu don ya riƙe. Ya tambaye ta ƙasarsu, ta ce Nijar, ya ce Najeriya, ta ce a'a Nijar.

Ya yi maganar, wannan kam ta shaida, don ta ji shi a waya ba sau ɗaya ba. Ya biya tarar, ya mayar da abin da aka ce ya mayar, jaridu suka yi kwana biyu suna yabo da zagi, sannan aka koma zancen ƙwallo. Ƙafafunsa suka warke ya koma gidansa. Da lokacin sanyi ya shigo sai ga shi ya zo da kansa, ya same ta a kicin, wajen da bai taɓa shiga ba. Ya ce masu sintiri sun bi ta wajen, sun haƙa rami sun binne mutanen, sun yi musu salla. Ba a samu takarda ko ɗaya da ke karantuwa ba. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta ce ta gode, Allah ya saka. Sai ya fita. A falo ta ji yana gaya wa Hajiya wani jirgin ruwa da ya gani a Iskandariya.

Juma'ar da ta biyo baya ta jira ɗalibai suka watse daga gidan Nana Aisha, ta roƙi Malam Alhusaini ya ɗan tsaya. Ta zauna nesa da shi, ta gaya masa komai, ta tambaye shi matsayinta. Ya yi mata tambayoyi a natse: yaushe ne kiran ƙarshe, ko an samu wanda ya gan shi bayan nan, ko ya bar mata saƙon saki. Ya ce shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace sun wuce. Ga jama'ar Musulmi nan za su tsaya mata a madadin alƙali, in ta yarda a yanke hukuncin rasuwarsa, sai ta shiga takaba. Ya ce ba dole, zaɓi nata ne.

Ta ce a yanke.

Kafin ta fara sai ta kira Damagaram. Mahaifiyar Khalilu tana unguwar Birni, a gidan babban ɗanta, sai da aka kai mata wayar har ɗaki. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi sanyi, aka tambayi aiki. Sannan Ummul-Khairi ta gaya mata zancen motar, da binnewar, da abin da malam ya ce.

Sai tsohuwar ta tambaye ta.

"An ce shi ne?"

"Ba a ce ba, Inna."

"To. Ke yarinya ce, ki yi abin da malamai suka ce, ban riƙe ki ba. Kin yi haƙuri, Allah ya gani. Ni dai ba za a zauna makoki a gidan nan ba. Ban ga gawa ba."

"To, Inna."

"Ki riƙa kira ko bayan kin fita. Kada ki ce an rabu."

Ta yi takabarta a gidan aiki, don ba ta da wani gidan. Ta cire 'yan kunne, ta ajiye turare da kwalli, ta daina zuwa Darrasa. Nana Aisha takan aiko mata da tuwo a kula ranar Juma'a, Baba Bakri ya hau da shi. Israa ba ta lura da komai ba. Hajiya ta lura, ta sa aka yanka rago aka raba wa masu shara da masu gadin layin, ta ce sadaka ce ga wani mamaci, ba ta faɗi sunansa ba, su ma ba su tambaya ba.

Ranar da ta fita daga takaba, Ummul-Khairi ta yi wanka, ta sa atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Hajiya ta tambaye ta ko gida za ta koma yanzu. Ta ce ba ta sani ba tukuna, sai ta ga ƙarshen shekara. Ta sauka, ta gaida Baba Bakri, ta bi titi da ƙafa ba tare da ta nufi ko'ina ba. Ta wuce shagunan takalma da bankuna da wajen sayar da ruwan rake, ta tsaya ta sha kofi ɗaya a tsaye cikin mutanen da ba su san ta ba. Da aka kira la'asar ta juyo, don lokacin maganin Hajiya ya yi.